Hoton Namun Daji Baƙi-da-Fari da Dangantakar Bahaushe da Dabba: Waiwaye Daga Ƙasar Kazaure



Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wasu daga cikinku sun yi mamaki da suka ga sanarwa cewa malamin Hausa ne zai yi jawabi a kan ɗaukar hoton namun daji, tun da yake wannan fage an fi sanin masu kyamara da malaman kimiyyar dabbobi da shi. Saboda haka ya kamata in fara da bayyana abin da ya jawo ni.

Wata rana muna darasin karin magana, sai na rubuta a allo: "Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi." Babu ɗalibin da bai san ma'anarta ba, har wasu suka kawo misalai daga siyasa da kasuwa. Da na tambayi waɗanda suka taɓa ganin kura da idonsu, sai 'yan ƙalilan suka ɗaga hannu, su ma ɗin a gidan zu na Kano suka gan ta, ko kuwa a hannun gardi ranar kasuwa. Da na ƙara tambaya, mene ne bambancin kura da sayaki, sai aji ya yi tsit. A cikin ɗaliban nan kuwa akwai 'yan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, watau jikokin mutanen da a zamaninsu ba a barin akuya ta kwana a waje saboda kura.

Abin da na fahimta a ranar shi ne, dabbobin dajinmu sun ƙaura daga daji sun koma cikin magana kawai. Sunayensu na nan a bakinmu, amma fuskokinsu sun ɓace mana. Manufar wannan lacca ita ce in nuna cewa hoton fuskar dabba, musamman irin na baƙi-da-fari, yana iya mayar mana da wani abu daga cikin sanayyar da muka rasa, amma fa sai in an haɗa shi da ilmin mutanen ƙasa. In ba haka ba, shi ma yana iya yin ƙarya irin tasa.

Ƙasar da mafarauta suka gano

Garin Kazaure yana kan hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Daura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991. Masarautar Kazaure ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Babura kuwa maƙwabciya ce daga gabas, tana cikin masarautar Ringim, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Duk wanda ya bi wannan yanki zai ga ƙasa iri biyu: duwatsu da kwazazzabai a wajen Kazaure da Roni, sa'an nan shimfiɗaɗɗen jigawa mai rairayi in an doshi Babura.

Masu ba da labarin gargajiya suna cewa mafarauta ne suka fara zama a Kazaure, kuma wani maharbi ne ya ga wurin duwatsu sun kewaye shi, ya ce kamar zaure, daga nan sunan ya samo asali. Ko wannan labari ya tabbata ko bai tabbata ba, yana nuna mana yadda mutanen wurin suka ɗauki asalinsu: gari ne da aka gano ta hanyar bin sawun nama, tun kafin Ibrahim Ɗantunku ya kafa sarautar Fulani a wurin wajen 1819. Maharbi ba ya zama inda babu abin harbi.

To, ina naman ya tafi? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, yawan jama'a: ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55.6, ta 2006 kuwa ta ba ta miliyan 140. Kowane baki yana bukatar gona, kowane murhu yana bukatar itace, saboda haka saura da kurmi da burtali suka riƙa komawa gonaki. Na biyu, bindiga ta maye gurbin kwari da baka, mota da babur kuma suka kusantar da dajin da dā sai an yi kwanaki kafin a kai. Na uku, farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 zuwa 1985, sun kashe itatuwa, sun ƙafar da tafkuna. Abin da manomi ya fi cin karo da shi yanzu shi ne zomo da kurege da bushiya da damo, sai kuma tsuntsaye.

Tsuntsayen ma ba su tsira ba. Dattawan da ke cikin wannan zaure za su tuna lokacin da ba a yin mahauta ba tare da ungulu ta yi sahu a kan katanga ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa, watau IUCN, ta sanya irin ungulun nan tamu ta gari cikin jerin waɗanda ke gab da ɓacewa. A wannan shekara ce kuma ta sanya zakin Afirka ta Yamma a wannan mataki, bayan wani bincike da aka buga a 2014 ya ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a duk yankin ba su wuce wajen 400 ba. Yaron da aka haifa yau zai ji ana cewa "ungulu ba ki jewar banza", amma mai yiwuwa ne ya girma bai ga jewar ba.

Dabba a bakin Bahaushe

Kafin mu zo ga kyamara, bari mu dubi irin hoton da harshe ya riga ya ɗauka. Bahaushe ya daɗe yana kallon dabba, kuma ya adana abin da ya gani cikin tatsuniya da kirari da karin magana. Tun a farkon ƙarni na 20 aka fara tattara waɗannan a rubuce: Frank Edgar ya buga tatsuniyoyinsa tsakanin 1911 da 1913, Rattray da Tremearne suka fitar da nasu a 1913, ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuma cike yake da sunayen namun daji da yawancinmu ba mu iya kawo siffarsu a zuci yau, irin su gwanki da kanki da mariri da mazo da gwambaza. Alhaji Abubakar Imam ma da ya tashi rubuta Magana Jari Ce, aku ya ɗora wa nauyin ba da labari.

A cikin wannan adabi kowace dabba an ba ta hali guda. Zaki sarki ne, dila malami ne mai wayo, kura kuwa ga kwaɗayi ga tsoro ga wauta. Maroƙa da makaɗan fada sun ɗebi zaki da giwa da ɓauna da damisa sun yi wa sarakuna ado da su. Bayan wannan akwai dangantakar da ta fi ta magana zurfi, watau kan-gida, inda zuriya guda take ɗaukar wata dabba a matsayin abin girmamawa, ba ta kashe ta, ba ta cin namanta. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya yi bayanin wannan al'ada a littafinsa na 1946. Haka kuma har gobe shamuwa tana sheƙa a kan itatuwan tsakiyar gari ba mai jifarta, domin zuwanta albishir ne na damina.

Addinin Musulunci ya ƙara wa wannan dangantaka ƙarfi. Aya ta 38 ta Suratul An'am tana karantar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar mu. Akwai surori da aka sanya wa sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Hadisai kuma sun ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da wadda aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa.

Sai dai hoton da harshe ya ɗauka yana da rauni guda: jinsi yake nunawa, ba ya nuna ɗaiɗaiku. A tatsuniya kura guda ce tak a duniya, kuma halinta ba ya sakewa. Amma Hans Kruuk, wanda ya bi kuraye shekara da shekaru a dajin Serengeti da Ngorongoro na ƙasar Tanzaniya, ya nuna a littafinsa na 1972 cewa kura mai dabbare-dabbare ita ke farautar mafi yawan abincinta da kanta, kuma sau da yawa zaki ne ke ƙwace abin da ta kashe. Suna zama ƙungiya-ƙungiya, mata ne ke shugabanci, kowace kuma ta san matsayinta. Sayaki kuwa jinsi ne dabam, mai zāne-zāne a jiki da geza a gadon baya, ya fi ƙanƙanta, kuma ya fi yawo shi kaɗai. Ashe ke nan mun yi wa kura ƙazafi ɗaruruwan shekaru. Muddin akwai kura a bayan gari, maharbi da makiyayi suna gyara abin da tatsuniya ta karkatar. Yanzu da babu ita, tatsuniyar ce kaɗai ta rage.

Daga dutse zuwa kyamara

Sha'awar ajiye siffar dabba tsohuwa ce ƙwarai a wannan yanki namu. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa guda biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya fi mita 5. Abin lura shi ne, daga bakin kowannensu an ja wani layi ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum. Masana sun yi saɓani a kan ma'anar layin, amma kowa ya yarda cewa mai sassaƙar ya so ya haɗa mutum da dabba. A nan Jigawa ma, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu, akwai zanen shanu a jikin duwatsu, waɗanda aka fara nazarinsu a shekarun 1950.

Ɗaukar hoto da kyamara ya bayyana ga jama'a a Faransa a 1839. Kyamarorin farko suna bukatar abin da za a ɗauka ya tsaya cik na tsawon lokaci, dabba mai rai kuwa ba ta san wannan doka ba. Shi ya sa yawancin tsofaffin hotunan namun dajin Afirka na matattu ne: Bature ya ɗora ƙafa a kan zaki, bindiga a hannu, masu ɗaukar kaya a tsaye a baya. Wannan hoton nasara ne a kan dabba, ba na sanayya da ita ba.

Da aka sami fim mai saurin kama haske sai al'amari ya sake. A Ingila, wa da ƙane, Richard da Cherry Kearton, suka buga littafi a kan sheƙunan tsuntsaye a 1895 wanda dukkan misalansa hotunan kyamara ne. Daga cikin dabarunsu har da shiga cikin fatar sa da aka ɗinke aka tsayar kamar mai rai, domin tsuntsaye su saki jiki. Wannan ba zai ba maharbin ƙasar Hausa mamaki ba, domin ya daɗe yana ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa, ya riƙa tafiya a duƙe yana kwaikwayon tsuntsun har ya kusanci barewa. A Amurka kuma George Shiras ya ɗauki hotunan namun daji da dare daga cikin kwalekwale, da dabarar haska fitila da ya koya daga mafarautan ƙabilar Ojibwa. Mujallar National Geographic ta buga 74 daga cikinsu a watan Yuli na 1906. Ku lura da wannan: tun daga tushe, ilmin maharbi ne ya kai mai hoto kusa da dabba.

Duk waɗannan hotuna baƙi-da-fari ne saboda babu yadda za a yi. Bayan da fim mai launi na Kodachrome ya fito a 1935, sannu a hankali baƙi-da-fari ya tashi daga dole ya koma zaɓi. Tambayar ita ce, me zai sa mutum ya ga launi a gabansa ya ƙi ɗauka?

Abin da baƙi-da-fari yake yi

A tsohuwar hanya, ana shafa wa fim ƙananan ƙwayoyi na wani gishirin azurfa. Inda haske ya taɓa, in aka wanke sai ya yi baƙi. Inda bai taɓa ba ya zauna garau. Wannan shi ne dodon hoto, inda fari ke fitowa baƙi, baƙi ya fito fari, sai an sake haska shi a kan takarda a ɗakin duhu kafin abu ya koma daidai. Kyamarar zamani ba ta bukatar wannan wahala, amma manufar ɗaya ce: a bar launi, a riƙe haske da inuwa. Wannan yana haifar da abubuwa uku.

Na farko, launi yana gaya mana jinsi da sauri, sai mu ce "zaki ne" mu kau da kai. In aka cire shi, ido ba shi da abin kamawa sai siffa da fata: tamojin goshin giwa, tabon da ƙaya ta bari a hanci, yagaggen kunne, furfurar baki. Waɗannan su ne ke bambanta wannan giwa da waccan, kuma da irinsu ne masu nazarin giwaye suke gane kowace guda. Makiyayi ma da haka yake sanin shanunsa ɗaya bayan ɗaya, alhali baƙo yana ganin garke fari fat.

Na biyu, ido. A hoton da ba launi, ɗan ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido shi ne abin da ya fi jan hankali, kuma mai kallo yakan ji kamar shi ma ana kallonsa. A nan akwai wani abu da ya shafe mu. A cikin idon ɗan'adam akwai ƙwayoyin gani iri biyu, masu rarrabe launi da masu aiki cikin duhu, kuma na biyun sun ninka na farkon wajen sau 20, amma ba su san launi ba. Watau da dare kowa baƙi-da-fari yake gani. Kakanninmu kuwa da dare suka fi gamuwa da kura da dila, a farin wata, ko a hasken fitila inda idon dabba ke walƙiya saboda wani shimfiɗi mai mayar da haske da ke bayan ƙwayar idonta. Saboda haka irin wannan hoto ya yi kusa da yadda aka saba ganin namun dajin tun asali.

Na uku, mun saba ganin kakanninmu a hoto baƙi-da-fari, rataye a bangon zaure ko cikin tsohon fasfo na aikin Hajji. Zuciyarmu ta riga ta haɗa wannan kala da girmamawa da kuma rashi. In aka ɗauki dabba haka, an shigar da ita sahun waɗanda ake tunawa.

Wanda ya fi shahara da wannan salo a zamaninmu shi ne Nick Brandt, mutumin Ingila, wanda aka haifa a 1964. Ya buga littattafai uku na hotunan namun dajin Afirka ta Gabas a 2005 da 2009 da 2013. A waɗannan ayyuka ya ƙi amfani da gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, domin a ganinsa ba a ɗaukar hoton fuskar mutum daga nesa, to don me za a yi wa dabba haka? Sai ya riƙa jira kwana da kwanaki har dabbar ta saba da shi. Ɗaya daga cikin sanannun hotunansa shi ne na wani toron giwa yana shan ruwa a Amboseli ta ƙasar Kenya a 2007. A 2009 masu farautar haure suka kashe wannan giwa. Shekara guda bayan haka Brandt da abokan aikinsa suka kafa gidauniyar Big Life domin ɗaukar masu gadin daji daga cikin mutanen yankin. Ƙidayar giwaye da aka bayyana a 2016 ta nuna cewa giwayen sarari na Afirka sun ragu da kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014. Wannan adadi ya fi mutuwar giwa guda girma nesa ba kusa ba, amma zuciya ba ta iya yin makokin lissafi. Fuskar da ta sani take yi wa kuka.

Inda hoto yake yin ƙarya

Kada mu ɗauka cewa gani ya kori ji a kowane hali. Akwai tarko guda uku.

Na farko shi ne ɗora wa dabba zuciyar mutum. Muna cewa "labarin zuciya a tambayi fuska", amma wannan tsakanin mutane ne. In biri ya yashe haƙora, sau da yawa tsoro ne ko neman sulhu, ba murmushi ba. Abin da muke kira dariyar kura kuwa, sauti ne da takan yi in an matsa mata ko ana korarta daga nama. Mai hoto yana iya ɗaukar hoto ɗari ya zaɓi guda wanda zaki ya yi kama da dattijo mai tunani, alhali zafin rana ne ya dame shi. In haka ta faru, an sake yin tatsuniya ne, sai dai da kyamara.

Na biyu shi ne share mutane daga ƙasarsu. Da yawa daga cikin kyawawan hotunan namun dajin Afirka suna nuna daji wayam, ba gona, ba garke, ba bukka, kamar ba a taɓa haihuwar kowa a wurin ba. Wanda giwa ta tattake wa dawa ko kura ta kashe wa jaki ba ya fitowa, alhali kuwa shi ne zai yanke hukuncin ko dabbar za ta rayu.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. A 2005 da 2007 wani mai hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata ƙungiyar gardawa Hausawa masu yawo da kuraye da gwaggon biri da mesa suna wasa suna sayar da magani, ya ɗauke su a gefen Abuja da Legas da wasu garuruwa, ya buga littafi a 2007. Hotunan masu launi ne, amma launin ya dushe har ya kusa zama toka-toka. An ga gardi a tsaye da sarƙa a hannu, kura a gefensa da takunkumi, wata ma sunanta Mainasara. Hotunan sun zaga duniya. Hugo da kansa ya lura cewa masu kallo a Turai lafiyar dabbobin kawai suke tambaya, ba su tambayar abin da ya sa mutum ya dogara da kura don ciyar da iyali. Mu kuma a namu ɓangaren sai mu yarda cewa kurar da aka kamo daga rami aka ɗaure ba ta zaɓi wannan zama ba, kuma karin maganarmu ta riga ta faɗi wanda ke shan bugu da wanda ke karɓe kuɗi. Abin takaici shi ne, hoton da duniya ta fi sani na Bahaushe da naman daji, baƙo ne ya ɗauka, kuma da sarƙa a tsakani.

Abin da za mu iya yi

Muna da abin koyi a cikin gida. Marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya baƙi-da-fari a 1968, ya tara wajen 1,000, yana rubuta sunan kowane kitso da inda ya gan shi, domin ya ga alamar za su ɓace. Irin wannan aiki nake kira a yi wa dabbobin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura.

Kada wani ya ce ai ba mu da zaki. Muna da shamuwa da hankaka, waɗanda Allah ya riga ya yi musu ado da baƙi da fari. Muna da balbela a bayan shanu, da zalɓe a bakin madatsar ruwa ta Kazaure, da damo a kan dutse, da bushiya a gindin dawa. Hazon hunturu yana tausasa haske, hantsi da la'asar sakaliya kuma suna fito da kaushin fata da gashi. Wayar hannu ma ta isa a fara. Sharaɗi shi ne a durƙusa daidai da idon dabba, a yi haƙuri, kada a kama ta ko a ɗaure ta ko a taɓa sheƙarta saboda hoto. In ta tashi, an matsa da yawa ke nan. Malamai sun yi maganganu a kan hukuncin hoton abu mai rai, kuma da yawa daga cikinsu sun bambanta hoton kyamara da ake yi don ilmi da gunkin da ake sassaƙawa. Wanda yake da shakka sai ya tambayi malaminsa.

Ga ɗalibai, kowane hoto ya zo da sunan dabbar kamar yadda mutanen wurin suke kiranta, da garin, da watan, da abin da tsofaffin mafarauta da makiyaya suka sani game da ita: inda take kwana, abin da take ci, yaushe aka daina ganin wadda aka daina gani. Waɗannan dattawa su ne ɗakin karatunmu, kuma ba za su jira mu ba. Ga ma'aikatan gwamnati, musamman na gandun daji da ilmi da al'adu, doka tana nan: akwai dokar namun daji ta Arewa ta 1963, akwai kuma doka mai lamba 11 ta 1985 wadda ta hana cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Abin da ya rage shi ne jama'a su san abin da ake karewa. Hoton ungulu a bangon makarantar firamare, da sunanta da bayanin aikin da take yi na kwashe mushe kafin ya yaɗa cuta, zai yi abin da takardar gargaɗi ba za ta yi ba.

Kuma kada a ɗauka bakin alƙalami ya bushe. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda dā yake yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, ya ragu har ya koma 49 kacal a 1996, dukkansu a yankin Kure kusa da Yamai, a cikin gonakin mutane. Da hukumar Nijar da mutanen ƙauyukan suka haɗa kai, kafin 2018 sun haura 600, har a wannan shekara aka ɗebi 8 aka kai su gandun Gadabeji a arewacin jihar Maraɗi. Masu ƙidayar da hoto suke gane kowane ɗaya, domin zanen jikin wani ba ya zama daidai da na wani.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa harshenmu ya ba dabba suna da hali, amma ya mai da ita jinsi. Hoton baƙi-da-fari kuwa yana ba ta fuska, amma in an bar shi shi kaɗai yana iya ƙaga mata zuciyar da ba tata ba, ko ya raba ta da mutanen da take zaune da su. Maganin raunin kowannensu yana wurin ɗayan. Fatana shi ne nan gaba in na sake rubuta karin maganar kura a allo, a sami ɗalibi daga Roni ko Gwiwa da zai miƙe ya nuna mana hoton da ya ɗauka da hannunsa, ko da na bushiya ne, ya kuma gaya mana abin da kakansa maharbi ya faɗa masa game da ita.

 Allah ya ba mu ikon riƙon amanar abin da ya halitta tare da mu.